Kulɓar da Muka Kai Yamai

Filinge

Daga sallar asuba muka wuce tasha, ni da ƙanena Isaka, malamin lakwal, wato makarantar boko. Yana rungume da kwalba, cikinta wata halitta da ya kamo ƙarƙashin randar gidanmu. Wai salamandar ce, wata mai kama da ƙadangare da ya gani a littafin Nasara. Wai masana na raɗa wa sabuwar halitta suna da Latinanci, kuma sunan Babanmu za a sa, ya zauna har abada. Baba ya gaskata, har ya ɗaure ragonsa na layya, ya ce suna ba ya yiwuwa babu yanka. Ni aka haɗa rakiya don na san gari, ba don na yarda ba.

Bankuku

Nan jandarma ya tsaida mu, ya leƙa kwalba, ya ja baya, ya kira Isaka yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, mi kaka yi da kulɓa?"

"Ba kulɓa ba ta," in ji Isaka. "Ilimi na."

Matan motar suka hau salati, suka tattare zannuwa. Direba ya yi dariya har da buga sitiyari, ya tambayi sunan mahaifinmu. Isaka ya faɗa masa da ƙarfi, har da unguwa. Kunya ta kama ni.

Yamai

A jami'a wata malama ta karɓe mu da mutunci, ta duba sau ɗaya, ta buɗe taswira. Ta nuna ƙasashen sanyi da duwatsun da ke hayin Sahara, ta ce iyakar salamandar ke nan, ba ta taɓa ƙetaro hamada ba. Tamu kulɓa ce, an raɗa mata suna tun kakanmu bai yi kaciya ba. Isaka ya ce ko za a ƙara na Baba daga baya. Na ja hannunsa muka fita, muka ci kopto, kwaɗon zogale.

Gida

Washegari muka sauka, ashe direban jiya ya riga mu da labari. Baba kuwa bai jira mu ba, ya yanka rago, unguwa ta ci. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya. Muna shan kwana na ji mai shayi yana nuna wa wani baƙo hanya:

"Miƙe nan, ƙohwa ta biyu. Gidan Alhaji Kulɓa."

Baba yana zaune a ƙofar, kuma ya ji.