Shekarun Ɗan Farin Yayana

Shekarar da yaranmu 'yan ƙasa da shekara sha shida suka je wata ƙasa mai nisa suka ɗauko kofin ƙwallo na duniya, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Mun kalli wasan ƙarshe ta tagar gidan hedimasta, a talabijin baƙi da fari, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Bayan nan gari ya rikice. Duk filin da aka girbe shinkafa sai ka ga an kafa sanduna biyu an mai da su raga. Ba a jima ba aka yi shela a rediyo cewa masu zaɓen 'yan wasa za su zo daga Sakkwato, su ɗebi yaran da za a horar don gasa ta gaba.

Nan take na tuna da ɗan yayana a Argungu. Shekararsa sha biyar, amma tuƙin kwalekwale da jan tarun kamun kifi sun buɗe masa ƙirji, in ya juya baya sai ka ɗauka magidanci ne. Ƙwallo kuwa, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba a duk yankinmu. Na je na ɗauko shi, na ara masa takalmi wajen wani ɗalibina.

Ranar gwaji ya ci uku, ɗaya da kai. Mai zaɓen, wani siririn mutum mai usur a wuya, ya kira mu gaban teburinsa. Ya dubi yaron sama da ƙasa ya ce, "Malam, wanga ab bai kai sha shidda ba?"

Na ce wallahi sha biyar gare shi. Ya ce tun safe baffanni da kawunnai suke yi masa wallahi, har da wanda ya kawo ɗan wasa da sawun aska a haɓa. Takardar haihuwa babu, don a ɗaki aka haife shi kamar kowa. Ya ce to in uban na raye in kawo shi gobe kafin azahar, ya faɗi da bakinsa cewa ɗansa ne, ya faɗi sunansa da shekarunsa, shi ke nan. Da azahar motarsu za ta tashi.

Abu mai sauƙi ga wanda bai san gidanmu ba. Yaron ɗan fari ne, yayana kuwa irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. A ɗakin mahaifiyarmu yaron ya tashi. In yana son ya aike shi, sai ya dubi bango ya ce a gaya wa wancan ya kwance jirgi, alhali wancan ɗin yana tsaye a gabansa.

Na sami yayana a bakin gulbi da la'asar yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce kalma uku kawai ake nema. Ya ce, "Kai dai Malam, ba ka rabuwa da neman magana." Na ce Yaya, wannan ba wasan banza ba ne, yaran da suka ci kofin nan shugaban ƙasa da kansa ya tarbe su. Sai da mahaifiyarmu ta sa baki ya yarda. Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, na ji sanyi a raina, na ce lallai yau za a yi abin kai. A mota na riƙa maimaita masa abin da zai faɗa kamar ɗan aji ɗaya, yana gyaɗa kai.

Mun isa fili cike da mutane. Mai usur ya gaishe shi da ladabi, sannan ya nuna yaron ya ce, "Baba, wanga ɗanka na?"

Yayana ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ɗan gidanmu na."

"Na ji. Kai ka haihe shi?"

"Allah ka haihuwa."

"To mi as sunanai?"

Na taka masa ƙafa, ya janye ta. Na ce Yaya don girman Allah. Ya juya ya ce mini a hankali, "Kai ba ka san shi ba? Hwaɗa mai mana." Aka fashe da dariya a bayanmu. Na shiga yi wa mai usur bayanin al'ada, ya ce ya san ta sarai, kakansa ma haka yake, amma shi takarda zai cike, kuma ba zai rubuta ɗan gidanmu a gurbin suna ba. Ya sake tambaya sau biyu, har ya ce ko da raɗa ne ya faɗa masa a kunne. Yayana ya tsaya ƙiƙam yana murza bakin rigarsa, gumi na bin wuyansa. Mutumin da ke nutsewa ya kamo giwan ruwa da hannu, suna ɗaya ya gagare shi. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba.

Aka kira azahar, motar ta tashi da yara tara. Namu ya zauna a ƙasa ya kwance takalmin aro, ya kaɗe shi, ya miƙo mini.

A hanyar komawa Argungu muna bayan a-kori-kura tsakanin buhunan albasa. Ni na cika har wuya, na rantse a raina ba zan sake shiga sabgar gidan nan ba. Mun yi nisa sai yayana, yana kallon fadama, ya ce kamar da iska yake magana, "Ranar Talata ta. Da hantsi, ruwa ya hwara janyewa. Ina bakin gulbi anka aiko an haihu. Shekara goma sha biyar ke nan da wata huɗu."

Na ce, "Yaya! Yanzu? Mi ya hana ka hwaɗi haka can?"

Ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, "Gaban mutane?"

Na buɗe baki zan zazzage masa duk abin da ke cikina, sai yaron ya riƙe mini hannu. Bai dubi ubansa ba, ni ya duba, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Baffa, bar shi. Tambaye shi, Talata yac ce?"