Mai Kwalba ta Matatar Ruwan Datti

Haihuwa

An haifi matar da aka fi sani da Mai Kwalba a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Mahaifinta mai gyaran famfo ne, mahaifiyarta kuwa ɗinki take yi. Tun tana ƙarama ba ta ganin kwata ta ƙyale sai ta bi ta har ƙarshenta, shi ya sa mahaifin yakan ce: "Yarinyar nan, wata rana sai kin tambayi ruwa sunan kakansa."

Karatu da aiki

Bayan ta sami takardar shaidar gwajin ruwa a 1972, aka ɗauke ta aiki a matatar ruwan datti ta garin, mai tafkuna uku, inda bisa ƙa'ida ruwa ke kwantawa kwana goma sha biyu kafin a sake shi cikin kogi.

Iyali

A 1974 ta auri wani malamin makaranta, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Al'amarin kwalabe

A 1983 masu wanki da ke ƙasa da matatar suka soma fama da gyambo a ƙafa, 'ya'yansu kuma da gudawa, alhali sakamakon gwajinta kullum tsaf yake fitowa. Wannan saɓani ya hana ta sukuni. Tun kafuwar wurin, daga gindin matakalar tafki na uku ake ɗebo ruwan gwaji, kusurwar da ruwa ke kwance lumui, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sai ta rubuta kwanan wata a takarda, ta rufe cikin kwalba, ta jefa a mashigar tafkin farko. Kwana biyu kacal wani dattijo mai wanki ya tsince ta a kogi ya kawo mata, yana cewa: "'Yata, ga wasiƙarki, ruwa ya riga ɗan aike." Sau tara ta maimaita, kwalbar ba ta taɓa wuce kwana uku ba. Ashe laka ce ta cike tafkunan, ruwan ya yanke ta tsakiya ya wuce ɗanye, bai ko leƙa matakalar ba.

Da ta rubuta rahoto kan haka, shugabanta ya gargaɗe ta cewa rahoton zai iya raba ta da aikinta. Ta miƙa shi duk da haka, aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaya. A 1985 hukumar gari ta yashe tafkunan, cutar ta lafa, aka maido da ita kan teburinta, inda ta zauna har ta yi ritaya a 2007.

Rasuwa

Ta rasu a 2019 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta kusa da kabarin mijinta, masu wanki kuma suka rufe aiki a ranar domin halartar jana'izarta. Ta bar 'ya'ya uku: babban direba ne, mai bi masa ungozoma, sai autarta, wadda ta gaji teburin, take kuma jefa kwalba ɗaya duk farkon shekara. Ta bana ta fito a rana ta goma sha biyu.