Kwikwiyon Madam Odil da Dardumar Baba

Wata Asabar ce cikin sanyi, ina da shekara goma, a gidanmu na hawa na huɗu a Saint-Fons, gefen Lyon. Baba ya shimfiɗa dardumarsa a falo, ya shiga yin alwalar azahar. Ni kuma na shigo ɗaukar tsumma na bar ƙofa a buɗe, ban san ɗan kwikwiyon maƙwabciyarmu ya biyo ni ba. Ina waiwayawa na gan shi a tsakiyar dardumar, ya sansana, ya juya sau biyu, ya tsuguna. Ina ji ina gani lema ta riƙa yaɗuwa a kan koren karammiskin. Har yau ina tuna zarnin nan mai ɗumi. Baba ya fito hannuwansa na ɗigar ruwa, ya tsaya cak, babu abin da ya fito daga bakinsa sai salati.

Kwikwiyon na Madam Odil ne, wata tsohuwar Bafaransiya da ƙofarta ke kallon tamu. Ita ke riƙe mu, ni da ƙanena Habibu, duk ranar da Baba yana masana'anta, Mama kuma ta tafi aikin sharar ofisoshi. Jikarta ce ta kawo mata shi don ya ɗebe mata kewa, bai yi sati biyu ba ta zame a matakala ta karya ƙugu. Ɗanta ya zo daga Paris ya ce in an sallame ta ba za ta iya sunkuyawa kwasar kashi ba. In kwikwiyon bai koyi yin abinsa a waje ba kafin nan, gidan ajiyar dabbobi zai kai shi. Tsohuwar ta yi ta kuka a gadon asibiti. Mama, wadda ko a titi ta hango kare sai ta tattare zani ta tsallaka, ita ce ta ce mun ɗauka. Ta dawo gida ta jibga mini aikin.

Na ga ta kaina. Kullum kafin in tafi lakwal, wato makaranta, sai na buɗe gidan Madam, wari ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Kashi ƙarƙashin tebur, kashi bayan firji, wata rana har cikin silifas ɗinta. In sa hannu cikin leda in kwashe, ɗuminsa na ratsa ledar, ina yunƙurin amai, shi kuwa ɗan banzan yana kaɗa wutsiya yana neman lasar ƙafata. Mama ta ware mini wata tsohuwar riga da muke kira rigar kare, a bakin ƙofa nake tuɓe ta. Dabarar da ɗan Madam ya bar mana ita ce a shimfiɗa jarida ko tsumma a ƙasa, in ya yi a kai a yaba masa. Kwikwiyon kuwa ya ɗauki karatu da kyau. Abin da ya gane shi ne duk abin da aka shimfiɗa a ƙasa banɗakinsa ne. Bature bai san cewa mu sau biyar muke shimfiɗa a rana ba.

Ranar da abin dardumar ya faru, Baba ya ce a kira ɗan Madam ya zo ya ɗauki kayansa. Mama ta ce, "Malam, matar nan ta wanke wa Habibu kashi tun yana rarrafe, ba ta taɓa toshe hanci ba. Ka ba mu sati biyu." Ta je ta tattara jaridun ta zubar, ta ce mini, "Daga yau duk sallar da na tashi yi, ki sa masa igiya ki sauka da shi." Haka na riƙa tsayawa gindin wata bishiya, yatsuna sun sandare, ina jiran mai girma ya zaɓi wurin da ya yi masa. Ƴan ajinmu suka sa mini suna Hadiza mai kare. Cikin kwana goma, da ya ji ƙarar ruwan alwalar Mama ta bango sai ya fara karce ƙofa. Dardumar kuwa, wanki uku aka yi mata, Baba bai ƙara taka ta ba.

Ranar da aka sallamo Madam, ɗanta ya bi lungu-lungu yana buɗe hanci, bai samu komai ba. Ya koma Paris shi kaɗai. Tsohuwar ta zauna a kujera, kwikwiyon ya ɗare cinyarta yana lasar hawayenta, na kau da kai don ƙyama. Matakala ta riga ta fi ƙarfinta, saboda haka sauka da shi ta zama tawa har shekara huɗu, sai da muka tashi daga unguwar.

Yanzu a Stains nake zaune, kusa da Paris. Har gobe ba na taɓa kare, ƴaƴana sun roƙa sun gaji. Amma ƙofa takwas ce a hawanmu, ban san sunan ko mutum ɗaya ba. Kwanakin baya wata tsohuwa a cikinsu ta yi sati uku a asibiti, sai bayan ta dawo na ji. Hannuna ya fi tsabta yanzu, amma ina da shekara goma na fi iya maƙwabtaka.