Mastura da Kibod ɗin Japananci

A unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, aka haifi Mastura, cikin maƙwabtan da yawancinsu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka tun tana ƙarama ta san ba kowace magana ake yi a gaban kowa ba. A katun ɗin talabijin ta fara jin Japananci, ta nace masa har bakinta ya faɗa. Da aka rushe unguwarsu suka koma unguwar Safa, ta zama tafintar matan Japan masu zuwa umara.

Wata rana ɗaya daga cikinsu, wadda ta musulunta ba da sanin iyayenta ba, ta tambaye ta ko akwai mai ganin abin da suke rubuta wa juna a waya. Mastura ta ce za ta bincika. Da ta bincika, sai ta gano kibod ɗin wayarta yana iya aika abin da ta danna zuwa ga masu shi. Halas, shi ke nan, ta goge shi. Ta sauke wani da 'yan sa-kai suka ƙera, wanda ba ya hawa intanet, kuma sun bar ƙirarsa a buɗe kowa ya duba.

Sabon bai san kalmomi irin su ɗawafi ko harami ba, sai ta riƙa tura musu kalmomin suna ƙarawa.

"Kin yarda da mutanen da ba ki taɓa gani ba?" in ji mahaifiyarta.

Mastura ta ce, "Ni ma ban iya karanta ƙirar ba, Umma. Amma ba su ɓoye ba, kuma akwai masu dubawa."