Gaɓa ta Bakwai da Kawu Anselmo Ya Tafi da Ita

Ranar Lahadi, 9 ga Maris, 2025, ina tsaka da raba abinci a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki a Montreal ta ƙasar Kanada, Gwaggo Fermina ta kira ni daga Jerez, garinmu a ƙasar Sifen. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Cewa kawai ta yi, "Gracia, kawunki ya tafi." Mijinta, malamina, Anselmo Junquera, makaɗin gita na unguwarmu ta Santiago, ya cika a kan kujerarsa yana da shekara saba'in da tara. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa.

Kawu, ba mu haɗa jini ba, amma kaf unguwa haka muke kiran ka. Ina 'yar shekara tara na taɓa tsirkiyar gitarka a wajen wani bikin baftisma, ka janye mini hannu ka ce, "Mace tafi da rawa aka san ta da su, 'yar Curro. Ajiye." Na ajiye, amma maganar ban ajiye ta ba. Shekara arba'in da ɗoriya tana ci na. Da annobar korona ta rufe gidajen kiɗa, na ji wai ka buɗe ajin flamenco, kiɗan gargajiyarmu, ta intanet, sai na sayi gita na shiga, ba don komai ba sai don in ga idonka. Idon ma ban gani ba, domin Gwaggo ta jingina wayar da gwangwanin man zaitun, tumbinka da hannuwanka kawai ake gani. Sai na ji muryarka: "Kai! 'Yar Curro ce wannan? Har yanzu ba ki huce ba?" Na ce ban huce ba. Ka ce, "Madalla. Ɗauko gitar."

Ba ka taɓa ba ni haƙuri da baki ba, da aiki ka bayar. Lokacin da farcena ya karye, kai ka nuna mini yadda ake yanko ɓawon ƙwallon tebur a liƙa a gurbinsa. Lokacin da mahaifina Curro ya rasu, hanya a rufe, na kasa zuwa, kai ka tsaya mini a wajen jana'iza. A darasin da ya biyo baya ba ka koyar da kowa komai ba, kiɗa kawai ka yi ta yi mini har na gama kuka.

Amma fa ba ka da sauƙi. Bugu goma sha biyun nan na salon kiɗan soleá, da ƙashin yatsu kake ƙirga mana su a kan tebur, kuma duk sanda na kauce sai in ce intanet ne ya yi jinkiri. Rannan ka gaji ka ce, "Wannan intanet naki, kullum a bugu na goma yake tuntuɓe? Allah Ya ba shi lafiya." Ajin ya kwashe da dariya. Ni kuwa na rantse a raina ba zan sake ambaton intanet a gabanka ba.

Dokarka ɗaya ce: ba a naɗar darasi, ba a rubuta kiɗa a takarda. Soleá ɗin gidanku gaɓa bakwai ce, daga hannun kawunka Perico ta shigo hannunka, shi ma daga hannun kakansa. Ɗanka Ildefonso direban babbar mota ne, bai taɓa sha'awar gita ba. Sai ka zaɓe ni, ni ɗin da ka janye wa hannu. Shekara uku muka yi kafin gaɓa shida su zauna mini. A watan Janairu, da na ga hannunka ya fara rawa, na roƙe ka ka bar ni in naɗa ko sau ɗaya ne. Ka ce, "Sauri kike yi ki binne ni? In kika zuba shi a na'ura, can zai zauna, ba zai shiga yatsunki ba." Na yi maka alkawari, na kuma riƙe.

Ranar Talata, 4 ga Maris, mu huɗu ne a aji. Ka ce, "Sauran ku saurara. Gracia, buɗe ido, ga ta bakwai." Ka fara, na kama farkonta. Sai hoton ya daskare, hannunka ya tsaya cak a kan tsirkiya, sauti ya ɗauke. Da ya dawo har ka gama, ka sunkuyo cikin kyamara kana murmushi, abin da ba ka saba ba. Ka ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani."

Wallahi ban san abin da ya hau kaina ba. Kunya ce, da girman kai, da tsoron kada a sake yi mini dariya. Na ce a raina ai mako mai zuwa za ka maimaita, in tsince ta a hankali ba tare da ka sani ba. Kalma biyu kawai zan faɗa, "Sake kaɗawa," da ka sake. Kai mutum ne da kake maimaita abu sau talatin kana mita, amma kana maimaitawa.

Bayan an binne ka na bi sauran ɗaliban uku ɗaya bayan ɗaya. Ban ji nauyin tambayar ba: akwai wanda ya naɗa a ɓoye? Kawu, na yi addu'a Allah Ya sa a cikinmu akwai maci amana. Babu ko ɗaya. Haruto, ɗalibinka na Osaka ta ƙasar Japan, ya rera mini abin da ya tuna yana hawaye, sauran biyun ma suka rera, kowa da nasa daban. Sau ɗaya suka ji ta, kuma ba su aka ce su buɗe ido ba. Kullum in na tashi aiki sai in kaɗa shidan, in shiga ta bakwai, yatsuna su tsaya daidai inda naka suka tsaya. Na gwada ƙirƙiro ƙarshen, na ji ƙaryar da kunnena. Babu inda ban nema ba, kuma na daina sa rai.

Jiya Gwaggo ta sake kira na. Ta ce za a yi taron tunawa da kai a watan Mayu, unguwa na jira in zo in kaɗa soleá ɗin gida daga farko har ƙarshe. Ta ce ranar Talatar nan, da ka rufe aji, ka rataye gitarka ka ce mata, "Fermina, na sauke. Tana hannun 'yar Curro gaba ɗaya." Ta ce rabon da ta ga ka ci abinci da daɗin rai haka, an daɗe. Ban faɗa mata gaskiya ba, ta ɗauka kuka ne kawai ya hana ni magana.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu Anselmo, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sada ka da magabatanka cikin salama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Fermina, da Ildefonso da iyalinsa, da ɗalibanka, da mutanen Santiago baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Abin da na kasa faɗa a waya, ga shi a rubuce: Gwaggo, ki yafe mini. Shida ce a hannuna.