Ranar Da Baba Nata'ala Ya Ari Amalanke

Idan za ka tambayi Baba Nata'ala hanya a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, ka nemi wurin zama tukuna. Ba ya cewa dama ko hagu. Cewa zai yi, "Ka miƙe har gidan mai tari, ka karya ta inda matar Alhasan take shanya garin rogo. In kare ya yi maka haushi, to ka wuce wurin, ka dawo baya." Mai tarin nan ya rasu tun kafin a haifi rabin 'yan kasuwa, amma a bakin Baba har yau tarinsa yake yi.

Tun yana saurayi yake tura amalanke, abin da a Bangui muke kira pus. Mahaifinsa ɗan Maraɗi ne, goro ya kawo shi, ya auri 'yar gari ya zauna. Shi Nata'ala bai taɓa ganin Maraɗi ba. In ya yi fushi da yaren Sango yake faɗa, in ya huce ya ba da haƙuri da Hausa. Buhunan fulawa, jarkokin mai, kwanon rufi, duk abin da manyan motoci suka sauke daga Kamaru shi ke kai shi lungu-lungu, har unguwannin Yakite da Miskine. Da gwiwa ta ƙi, ya sayar da amalanken ya koma benci a ƙofar shagon Muktar mai ƙusa da kwaɗo, yana ba baƙi kwatancen da ke ɓatar da su. Su dawo kuma su yi masa godiya, don kunya.

Miskine kuwa, tun shekarar da gari ya rikice bai sake taka ta ba. Ga ta nan kusa, amma kullum sai ya ce gobe.

Wata Talata da hantsi Nafisa ta zo ta durƙusa a gabansa. 'Yar Hajiya Bilkisu mai makala ce, wato mai suyar fanke, wadda Baba ya yi shekaru yana kai wa fulawa kowace safiya a gidanta na Miskine. Lokacin gudu Hajiya ta hau babbar mota da 'ya'yanta zuwa Garwa ta Kamaru, Nafisa tana ƙarama. Yanzu Hajiya tana can kwance, ba ta iya tashi. Ita kuma Nafisa ta zama 'yar kasuwa, har Tailan take zuwa saro kayan yara.

A can, in ji ta, aka kai su wani tsibiri mai tsohuwar unguwa. Gidaje sun haura shekara ɗari, an yi musu fenti ruwan ƙwai da shuɗi, mutane na bin layi-layi a ƙafa suna ɗaukar hoto. Da ta nuna wa Hajiya hotunan, Hajiya ta ture wayar ta ce, "Tsoffin gidajen mutane kike nuna mini? Je ki nuna mini nawa, ko ƙofar ce, kafin idona ya rufe."

"Tsaya, 'yata," in ji Baba. "Jirgi suke hawa su je su yi tafiya a ƙafa? Ni na yi ta har gwiwa ta mutu, ko hoto ba wanda ya ɗauke ni."

"Yau zan ɗauke ku, Baba. Ni ban tuna komai ba sai rijiya. Inna ta ce in ba ku ba, ba wanda zai gane gidan."

"Gidan Hajiya? Ko a makance."

Muktar ya leƙo daga shago ya ce, "Baba, in ɗaura muku igiya a ƙugu? In la'asar ta yi sai mu jawo."

Baba ya amsa masa da Sango, suka kama hanya.

Da farko abin ya yi daɗi. Yana gaba yana nuni da sanda: nan wanzami, nan mai gyaran rediyo da ya auri ƙanwar liman. Nafisa na ɗaukar hoton gareji da shagon cajin waya, don su ke wurin yanzu. Da suka bar bakin titi suka shiga ciki, maganar Baba ta fara raguwa. Ɓangaren su Hajiya ba gida ko ɗaya. An kwashe kwano, an kwashe bulo, ciyawa ta kai ƙirji, wasu sun shuka rogo a inda ɗakuna suke. Hanyoyin ƙafa sababbi ne, sun ratsa ta tsakar gidajen mutane.

Ya yi gabas, ya dawo. Ya yi kudu, suka ɓulla bayan wata coci. Wata mata na noma a gefe, ya gaishe ta da Sango ya tambaye ta mai makala. Ta ce bayan rikici ta zo daga ƙauye, ba ta san kowa ba. Ta ba su ruwa a moɗa, ta bi su da ido.

"Baba, kun gaji. Mu zauna."

"Ba gajiya ba ce. Na gano matsalar. Ƙafata ba ta taɓa sanin hanyar nan ba, hannuna ne ya sani."

Ya koma bakin titi ya ari amalanken wani mai gawayi, Abdulrahim. Ya bayyana wa Nafisa yadda abin yake: akwai ramin da tayar hagu ke faɗawa, sai ɗan hawa mai cin kafaɗa, sai gangara, in ka saki hannu amalanke da kansa zai tsaya a ƙofar Hajiya. Ya tura kaɗan, ya tsaya.

"Ba nauyi. Amalanke wofi ba ya magana. Hau, 'yata."

"Ni? Baba, abayar nan sabuwa ce!"

"Buhun fulawa bai taɓa yi mini gardama ba."

Ta hau, ta zauna cikin ƙurar gawayi, waya a hannu. Haka suka shiga ciyawa, tsoho na nishi, gwiwa na ƙara. Tayar hagu ta faɗa rami, Baba ya ce, "Yawwa!" Ta sake faɗawa wani, ta dama ma ta faɗa nata. Ruwan shekara goma ya haƙa ramuka ko'ina, ya cike na da. Daga ƙarshe amalanken ya gangara ya tsaya a wani fili mai bakin rijiya uku, duk sun cike da shara, ba bango tsakaninsu.

Wayar ta yi ƙara. Hajiya ce a kiran bidiyo, an ɗaga mata kai da matashi.

Nafisa ta rufe wayar da tafin hannu ta yi raɗa. "Baba, ku nuna ɗaya kawai. Ba za ta gane ba."

Ya ɗaga sanda, ya riƙe ta a sama, ya sauke. "Matar da ban taɓa fita gidanta da yunwa ba? Ba zan nuna mata rijiyar wani ba." Ya karɓi wayar. "Hajiya, Nata'ala ne. Na ɓata."

"Kai ɗin? Ikon Allah. Ku nemi mangwaron maƙwabciyata Zulai mana, yana jikin katangata."

"An yi gawayi da shi, Hajiya."

"To gidan mai tari?"

"Shi nake nema tun hantsi."

Ta yi dariya har dariyar ta zama tari, aka ba ta ruwa. Nafisa ta juya wayar a hankali, rijiya bayan rijiya. Hajiya ta duba, ta sake dubawa. Ta ce ta tsakiya kamar ita ce. Ta ce a'a, tata ta fi faɗin baki.

Baba ya miƙa wa Nafisa wayar, ya kama hannun amalanken. Ya tura shi gaban rijiyar farko, ya gyara murya, ya yi kiran da yake yi kowace safiya: "Salamu alaikum, masu gida! Fulawa ta iso, a kawar da yara!" Ya tura gaban ta biyu ya maimaita, ya je gaban ta uku ya sake kira.

Daga cikin wayar, can ƙasa-ƙasa, Hajiya ta ce, "Shigo, Nata'ala. Ka makara yau."

Bai shiga ba. Ya tsaya riƙe da amalanken yana duban ciyawar.

La'asar sakaliya suka mayar wa Abdulrahim amalankensa. Muktar ya hango su, abayar Nafisa baƙa ƙirin da gawayi, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Baba, ya jawo masa benci.

Har yanzu Baba yana ba da kwatance, kuma har yanzu mutane na ɓata. Amma in ka ce Miskine za ka, sai ya nuna maka masu babur da sanda ya ce, "Tambayi yaran can, ɗana. Ni mutanen da na sani a can duk sun tashi."