Shirun Stamatis Mai Babban Ƙaho

Limaman cocin da suka koyar da ni a makarantar mishan ta tsibirinmu Syros ba sa yarda a faɗi abu ba adadi, don haka ga shi: shekara talatin da takwas Stamatis Roussos ya yi yana busa babban ƙahon tagulla a layin baya na makaɗan garinmu. Ni ke raba musu takardun kiɗa. A yawancin waƙoƙi rabonsa busa huɗu ne, sauran duk jira.

Kuma bai taɓa ƙirga jiran ba. Thanasis, mai begilar da ke gefensa, shi ke zungurarsa da gwiwa idan lokaci ya yi.

Matarsa Frosso takan ce, "Wai kai makaɗi ne? Ni dai ban taɓa jin ka ba sai a minshari."

Shekarar da zai yi ritaya, wani matashi mai tsara kiɗa, Leandros, ya zo daga Atina, babban birni, da sabon aiki: tatsuniyar kakanninmu ta dodon nan mai kan bijimi da aka kulle ƙarƙashin ƙasa. Ƙahon Stamatis ne muryar dodon, shi kaɗai a gaba. Wata uku yana gwaji, har kumatunsa suka yi tsami, don Frosso ta ji shi ko sau ɗaya.

A gwaji, daga kujerarsa yake busawa. Ranar wasa aka fito da shi gaba, Thanasis na can baya, gwiwarsa ba ta kaiwa. Goge suka yi shiru. Madugun makaɗa ya ɗaga masa sanda, amma Stamatis bai taɓa sanin abin da sandar ke nufi ba. Ya tsaya rungume da ƙaho minti huɗu da daƙiƙa goma, na duba agogo.

Baƙin Atina suka miƙe suna tafi, sun ɗauka da gangan aka tsara shirun. Jarida ta ce ba a taɓa bayyana kaɗaicin dodo haka ba. Leandros ya karɓi takardun daga hannuna, ya soke rabon ƙahon duka.

Stamatis ya ce, "Ɗana, bar mini ko layi ɗaya mana."

"Haba, Baba! Ka ɓata mana abin da ka gyara?"

An gayyaci Stamatis birane bakwai don ya maimaita shirun. Frosso ta bi shi duka, da sabuwar riga, tana zama a layin gaba. A na bakwai ya rufe ido ya busa rabonsa da aka soke daga farko har ƙarshe, babu kuskure. Ba a sake gayyatarsa ba.

A jirgin ruwan komawa gida Frosso ta ce, "Ashe da ƙara haka abin yake? Kai, tsoho, kunnena har yanzu kuka yake."